Barunje Ya Sayi Sikeli

Gaisuwa mai yawa gare ka, Barunje, kai da rundunar ƙudajen da ke yi maka rakiya. Ina fata wuƙa tana ci, kuma karnukan bayan mayanka suna nan ƙalau, tunda su kaɗai ne maƙwabtan da ba su taɓa kai ƙararka gaban Sarkin Fawa ba.

Labari ya iske mu a bakin ruwa cewa ka sayi sikeli. Ba irin mai ƙugiyar nan da ake ratayawa a reshe ba, a'a, mai batir, mai jajayen lambobi masu ƙiftawa. An ce tun da ka ɗora shi a kan tebur ka daina tambayar mutane "na nawa za a yanka?", sai dai "kilo nawa?", har da ɗan ɗaga hanci. Wannan duk bai dame ni ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ka yaɓa mana a majalisa a Yelwa, wai mu Sarkawa har yau muna zamanin En'e, muna auna taru da yadi, idonsa da inci, kifi da kwando, alhali duniya ta koma mita da kilo. Wai har ka ƙara da cewa da za a tambayi Basarke santimita nawa ne a mita guda, sai ya ce a dakata ya tambayo Sarkin Ruwa.

To, madalla. Tunda ka zama malamin awo, gyara zama in biya maka allonka.

Da fari dai ka makara. Kilon nan da kake yi mana tinƙaho da shi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A zamanin Janar Yakubu Gowon aka yi sauye-sauyen a jere: ranar 2 ga Afrilu 1972 motoci suka bar hannun hagu suka koma dama, ranar 1 ga Janairu 1973 naira da kwabo suka kori fam da sule, a 1974 kuma aka kafa dokar awo wadda ta ɗora Nijeriya a kan mita da lita da kilo. Ka lissafa da kanka, in sikelin naka yana ƙirga shekaru. Fiye da shekara 50 doka tana tsaye a ƙofar mayanka tana sallama, kana ciki kana kasa nama kashi-kashi a kan takardar buhun siminti, sai yanzu ka farka kana tashin mutane daga barci.

Ko kuɗin ma ba ka gama komawa ba. Na sha tsayawa a kara ina sauraronku, da bakinka kake cewa "jaka kaza". Jaka kuwa fam 100 ce ta zamanin Ingilishi, wato naira 200, domin da aka yi canji fam guda naira 2 aka ba shi. Kakanka ya fi ka ƙoƙari. Shi ya riƙe a ka cewa kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, ga sisi, ga taro, ga ahu, kuma bai taɓa aika yaro sayen batir ba.

Zo nan mu caje ka daga sama har ƙasa. Shaddar da ka ɗinka ta Babbar Salla, wadda ka sa wuni ɗaya ta ɗauki warin kitse, da me aka yanko maka ita? Da yadi. Turmin atamfar da ka kai wa uwargida don ta huce yadi 6 ne, kuma da ka ce wa mai shago ya ba ka mita 5 da rabi, da ya ɗauka rana ce ta taɓa ka. Telan da ya zagaya tumbin nan naka da tef inci ya rubuta, na ma ji an ce tef ɗin bai kai ba sai da aka ƙara da igiyar guga. Talabijin ɗin da ke ɗakinka inci 32 ce. Mai faci in zai ba tayar babur ɗinka iska, lambar da yake dubawa awon Ingilishi ce, laba a kan inci, ko shi bai damu ya sani ba balle kai.

Gidanka fa? Filin ƙafa 50 da ƙafa 100 aka yanka maka. Bulon waje inci 9, na ciki inci 6. Kafinta ya ce ka kawo katako tu-bai-fo da ƙusa inci 3 da inci 4, ka kawo ba musu. Amma simintin da ya riƙe bulon buhunsa kilo 50 ne, rodin kuma milimita 12 da 16. Gida ɗaya, awo biyu, ga shi nan tsaye bai rushe a kanka ba, duk da alhakin mutane da ke ciki. Magini bai taɓa tara jama'a ya yi musu lacca ba, don ya san kowane kaya da awon da ya zo da shi. Sana'ar da ta kafu tun zamanin Ingilishi, wadda kayan aikinta da inci aka ƙera su, ta riƙe incinta. Abin da kamfani ke ɗurawa a buhu, ko gwamnati ke sa wa ido, ya koma kilo da lita. Iyakar sirrin ke nan, babu wayewa ko ƙauyanci a ciki.

Ka shiga gidan mai, famfo lita yake ƙirgawa. Ka fito ka tsaya wurin ɗan bumburutu, sai in ji kana cewa galan. Wane galan? Na Ingila lita 4 da rabi ne da ɗan ɗigo, na Amurka bai cika lita 4 ba, namu na bakin titi kuwa an yi masa sulhu a kan lita 4, in dai ba a lotsa gindin robar ba. Gangar ɗanyen man da ake faɗin farashinta a rediyo kullum, wadda kasafin kuɗin ƙasar nan ke rataye a wuyanta, galan 42 ce ta Amurka, wato lita 159. Sai ka hau mota ka je Abuja ka gaya musu su ma suna zamanin En'e.

Yanzu in zo kan namu, tunda mu ka ɗauka da zafi. Taru bandir-bandir yake zuwa daga kamfani, yadi 100, an rubuta girman idonsa da inci. Ba mu muka zaɓa ba, haka masu saƙa shi suka ga dama. Basarke ma ba ya tsayawa karanta leda. Yatsu yake zurawa a idon: yatsa biyu, yatsa uku, yatsa huɗu, har zuwa wanda hannu ke shigewa gaba ɗaya, na giwan ruwa. Da ya zura ya san abin da zai maƙale, ya san abin da zai wuce ya je ya girma. A shekarun 1990, lokacin aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus kan kamun kifi a tafkin Kainji, an yi ta fama da mu a kan wannan: a bar jan tarun dala, a bar taru mai ƙananan ido, domin yana kwashe 'ya'yan manyan kifaye tare da warangi. Jihohin Kebbi da Neja suka yi doka a kai. Jami'i ya taso daga Sabuwar Bussa, inda cibiyar binciken kifi take, bakinsa ya ce inci 3, takardarsa ta ce milimita 76, dattijon da ke ɗinkin koma ya ɗaga yatsu ya ce ya gane. Su ukun abu ɗaya suke faɗi. Waɗanda ke karya dokar nan a cikinmu kuwa, kuma akwai su, kada ka ce rashin sanin milimita ne. Sun sani sarai. Yunwa ce a wurin wasu, son kai a wurin wasu.

Zurfin ruwa da gora muke taɓa shi, igiya da gaba muke ƙirga ta, nisa kuma da mai. Ka tambayi mai jirgi kilomita nawa ne daga Yelwa zuwa Wara, zai dube ka sama da ƙasa ya ce galan kaza in ruwa ya kwanta, kaza in iska ta taso, kuma ya danganta da injin, doki 15 ne ko doki 40. Amsar nan ta fi kilomita amfani, don kilomita ba ta san iska ba, ba ta san kututturan itatuwan da ruwa ya shanye ba. Injiniyoyin da suka gina madatsar tsakanin 1964 da 1968 ba abin da ba su auna ba: tsayinta kimanin mita 65, tafkin da ta haifar ya zarce kilomita 130 a tsawo. Mutum sama da 40,000 aka tasa daga gidajensu, tsohuwar Bussa ta nutse, tsibiran Gungawa da dama suka tafi ƙarƙashin ruwa da gonakinsu da kushewun iyayensu. Duk yana rubuce a takarda, kuma ban raina takarda ba. Amma in dare ya yi maka a tsakiyar ruwa tsakanin Ngaski da gaɓar Borgu, ba ita za ka nema ba, Bagungen da ya san inda tsohuwar kukar garinsu take tsaye a ƙasa za ka nema. Tun kafin injiniyoyin ma, Mungo Park ya biyo kogin nan a 1806 yana ƙirga mil-mil. A nan Yawuri mai yi masa jagora ya sauka, shi kuwa ya zarce, ya je ya halaka a Bussa inda ruwa ke karo da duwatsu. Da ya yi haƙuri ya nemi ɗaya daga cikin kakannina, wataƙila da labarin ya canja.

Kai kuwa iyakar ruwan da ka sani shi ne na wanke hanji. Ranar bikin Rigata ina hango ka can nesa da gaɓa, ka rungume tiren tsire, duk jirgin da ya karkata sai ka yi salati.

In ma koyi kake so ka yi da masu mita na gaske, dubi 'yan'uwanmu na Nijar da ke gangarowa daga Gaya. Su Faransa ce ta raine su, ita kuwa ta ƙirƙiro mita a shekarun 1790, bayan juyin juya halinta. Cewa ta yi a raba nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da tsakiyarta gida miliyan 10, kashi ɗaya shi ne mita. Ɗan Nijar bai karanta mil a makaranta ba, amma ka shiga kasuwar hatsi a Dosso ko Maraɗi ka gani, da tiya ake auna gero. Ingilar da ta kawo mana yadi ta koma kilo a kantunanta, allunan hanyoyinta kuwa har gobe mil ne. Amurka ita ta ƙi ji ta ƙi gani, kuma ta biya kuɗin taurin kai. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, na dala miliyan 125, saboda kamfanin da ya ƙera shi yana ba da lissafi da awon laba, masu tuƙa shi daga ƙasa suna ɗauka awon tsarin mita ne. A 1983 kuma wani jirgin saman Kanada, Boeing 767, mai ya ƙare masa yana sama, domin an yi lissafin man da laba aka zaci kilo ne, ya tashi da ƙasa da rabin abin da yake buƙata. Allah ya kiyaye, matuƙin ya sauke shi ba inji a wani tsohon filin jirgin soja a Gimli, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ka lura da kyau, Barunje. Duka biyun mutane ne kowa ya ɗauka ɗan'uwansa da awonsa yake magana, ba wanda ya buɗe baki ya tambaya. Waɗannan kuwa masu digiri ne, ba mai sikelin da ya kwana bakwai a hannu ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Mu dawo kan teburinka, don kifi na ganinka mai jar koma. Bijimin da kake yankawa, a kan wane sikeli ka ɗora shi kafin ka biya? Babu. Zagaya shi ka yi, ka mari kuturinsa, ka matsa tozo, ka ɗaga wutsiya, ka tofar da yawu ka ce ramamme ne, dillali ya ja ka gefe kuka yi ƙus-ƙus. Da ido ka saya a hannun Bafulatani, da kilo kake sayar wa malamin makaranta. Ka ga inda wayewar taka ta tsaya, awo yana shigowa ne daidai inda zai amfane ka. Kuma kilon naka, kilon me ne? Kilo guda giram 1,000 ne a ko'ina cikin duniya, amma a teburinka rabi tsoka ne, sauran ƙashi da jijiya da wani farin abu da ko ungulu sai ta yi shawara kafin ta taɓa. Ga kuma babban yatsan nan naka da ba ya rabuwa da gefen faranti. Duk wanda ya sayi nama a wurinka ya biya kuɗinsa. Sau nawa za ka sayar da yatsa ɗaya, kuma kullum ka koma gida da shi a hannunka?

Mu in mun kasa kifi, mai saye yana ganin abinsa. Ga karfasa, ga tarwaɗa, ga ƙurungu, ya ɗaga, ya juya, ya shinshina, ya taya. Ba mu taɓa cusa ƙayar wani kifi a cikin wani ba.

Amma kada ka ce Basarke yana ƙin gaskiya don ta biyo ta bakin mahauci. Akwai inda kilo ya fi, sai dai ba a teburinka ba ne. Je ka wurin masu albasa a Yawuri da Shanga lokacin da kaya suka fito. Manomi ya yi wata da watanni yana ban ruwa da inji mai inci 2 ko inci 3, ya sayi taki buhu kilo 50, ya sayi fetur lita-lita. Duk abin da ya saya an auna masa, ba a ƙara masa ko ƙwaya ba. Ranar sayarwa kuwa sai a ce "buhu". Wane buhu? Wanda ɗan kasuwa ya zo da shi, a cika, a girgiza, a danna, a tula masa wata albasar a ka a ɗinke. Kuɗin buhu ɗaya, kaya kuwa sun wuce buhu. Mai gona yana kallo ba ya iya cewa uffan, don albasa ba ta jira, in ya ƙi yau gobe ta fara ruɓa.

Haka shinkafa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, manoman jihar nan suka saba da hekta dole, don da ita aka riƙa lissafin bashi da iri da taki. Wanda kuwa ya rikita hekta da eka ya shiga uku, domin hekta guda ta kusa eka 2 da rabi. Manyan kamfanonin casa na Argungu da Birnin Kebbi da kilo da tan suke karɓar shanshera. Amma tsakanin gona da ƙofar kamfani akwai wani mutum a tsaye, da buhu yake saye, da kilo yake sayarwa. Ɗan'uwanka ne a sana'a ko da bai riƙe wuƙa ba, ka gaishe shi.

Samarin da ke haƙar zinariya a yankin Birnin Yawuri da Ngaski su kam ba sa wasa. Giram ne, a kan ɗan sikelin da ya fi naka tsoron Allah, don ƙwayar da ba ta kai ta gero ba kuɗi ce. Fataken da da miskali suka auna ta, kasuwar duniya kuma da oza take faɗin farashi, giram 31 da ɗan ɗigo. Ba wanda ya zauna a majalisa ya ce musu su waye. Abin ne ya yi tsada, sai kowa ya zuba wa awon ido.

Mudu ma ba tsufansa ne laifinsa ba. Laifin shi ne tiyar wannan gari daban da ta wancan, kuma akwai masu kwano biyu, na saye mai zurfin ciki, na sayarwa wanda aka bubbuga wa gindi. Tsohon ciwo ne wannan, tun Faransa ba ta yi mafarkin mita ba aka saukar da Suratul Muɗaffifina a kansa. Na san ka haddace ta, sai dai kullum in liman ya jawo ta tari ke sarƙe ka. Malamanmu kuma har yau da sa'i suke karantar da zakkar fidda-kai, mudun Annabi 4, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ban kuwa ji ka ce musu suna zamanin En'e ba. Ashe kana da wayo, ka san inda ake tsayawa.

Akwai sashen awo a Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, aikinsa ke nan duba famfunan mai da sikeli ya manna musu shaida. Da za su ji ta tawa, su da shugabannin ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga da sarakunan kasuwa, da an kafa babban sikeli na kowa da kowa a wurin cinikin albasa da na shinkafa da bakin ruwa inda ake loda busasshen kifi, a tsayar da nauyin buhu guda, a buga wa mudu hatimi. Yadi da inci kuwa a ƙyale su wurin tela da kafinta, ba wanda suka cuta. Mu Sarkawa mun yarda a fara da kwandonmu da kwalinmu, da sharaɗi ɗaya, daga bakin ruwa a zarce mayanka kai tsaye, kada a tsaya ko shan ruwa, don kada wani ya riga su kai maka labari.

Watan cika-ciki in ya kama, ka zo ka karɓi kuɗin shararka yadda kakanninka suka saba karɓa a hannun nawa. Bana ba kuɗi zan ba ka ba, tarwaɗa ce kashi guda, kuma da idona zan kasa. Ka zo da wuri kafin rana ta yi, ka kuma zo da kwandonka, don ba na ara wa mai warin kitse nawa.